Yadda Ake Daidaita Memorin Modem ɗin DSL da Halin da Layi Yake Ciki

Wayar jan ƙarfe da ke ɗauko intanet ta DSL, wato intanet ta layin tarho, ba ta wuni a hali ɗaya. Da rana tana iya ɗaukar megabit 60 a sakan lami lafiya, amma da dare, lokacin da fitilu da talabijin da cajoji suka kunnu, siginar rediyo mai matsakaicin zango ta ƙara ƙarfi, sai ta sauko zuwa 40. Ruwa ya shiga mahaɗar waya, ko a ƙara sababbin layuka a cikin kebul guda, nan ma lissafi ya sauya. Abin da ba ya sauyawa shi ne ɗan memorin da modem ke tara bayanai a ciki don kare su daga tartsatsin lantarki. Ba shi da yawa, kuma hanyar saukowa (daga kamfani zuwa mai amfani) da hanyar hawa (daga mai amfani zuwa kamfani) ne ke raba shi tsakaninsu.

Wannan jagora ta mai kula da na'urar DSLAM ce, wato na'urar da layukan masu amfani ke haɗuwa da ita a ɓangaren kamfanin intanet, da kuma ma'aikacin da ke karanta alƙaluman modem a wurin mai amfani. Ta shafi ADSL2+, wato ƙa'idar G.992.5 ta 2003, da VDSL2, ƙa'idar G.993.2 ta 2006, duka daga hukumar sadarwa ta duniya, ITU.

Aikin da memorin yake yi

Modem yana aika bayanai a gutsure-gutsure da ake kira alamun DMT, guda 4,000 a kowace sakan, kowace alama tana cin kwata na milisakan (ban da nau'in VDSL2 na 30a, mai alamu 8,000). Tartsatsi idan ya bugi waya ba ya taɓa bayit ɗaya ya bar sauran. Alamar yake rusawa ɗungurungum. A gudun megabit 40, alama guda na ɗauke da bit 10,000, wato bayit 1,250.

Maganin farko shi ne lambar gyara ta Reed-Solomon. Ana ɗaure bayanai dami-dami, kowane dami bai wuce bayit 255 ba, a ciki har da bayit na gyara da ba su wuce 16 ba. Waɗannan 16 suna iya gyara bayit 8 kacal da suka lalace. To alama guda ta ɗauki kusan dami biyar, ka ga ke nan idan ta rushe babu abin da gyaran zai iya ceto. Shi ya sa ake yin saƙa: a warwatsa bayit ɗin kowane dami a cikin alamu masu yawa, yadda in tartsatsi ya ci alama ɗaya ko biyu, ɓarnar da za ta faɗa kan kowane dami ba za ta wuce bayit 8 ba.

Saƙar nan ce ke cin memori. Lambobi biyu ke bayyana ta: D, zurfin saƙa, da I, tsawon abin da ake saƙawa, wanda a mafi sauƙin tsari daidai yake da tsawon dami, N. Jimillar bayit da ke tsare a hanya ita ce D ban da ɗaya, sau I ban da ɗaya. Rabi na zaune a modem mai aikawa, rabi a mai karɓa. Iyakar wannan jimilla, idan an haɗa saukowa da hawa, tana rubuce a ƙa'idar VDSL2: ta dogara da furofayil, wato nau'in VDSL2 da layi ke aiki da shi; bayit 65,536 a furofayil na 8 da na 12, bayit 98,304 a 17a, bayit 131,072 a 30a. A ADSL2+ iyakar da aka saba ita ce 16,002 ga hanyar saukowa, wato 254 sau 63.

Mataki na farko: karanta layin kafin ka taɓa komai

Tara alƙaluman aƙalla kwana uku, zai fi kyau mako guda, don ka ga ranakun aiki da na hutu. Modem da DSLAM suna ajiye ƙidaya ta kowane minti 15 da ta awa 24. Ta minti 15 ita ce mai amfani, domin ita ke nuna lokacin da matsala ke tasowa.

Ga kowace hanya, saukowa daban hawa daban, rubuta gudun da layi yake kai da wanda modem ya ce zai iya kaiwa, rarar sigina, wato tazarar da ta rage kafin hayaniya ta fara jawo kurakurai, a ma'aunin dB, raunin sigina a kan waya, da lambobin D, I, N da R, inda R ke nufin yawan bayit na gyara. Rubuta INP, wato yawan alamun da za su iya rushewa a jere a gyara su, da jinkirin da layi yake da shi yanzu. Sai ƙidayar FEC, kurakuran da aka gyara. CRC, waɗanda suka gagara. ES, sakan ɗin da aka samu kuskure. SES, sakan ɗin da CRC ya kai 18 ko fiye. Da yawan lokutan da layi ya yanke ya sake haɗawa. A modem masu cif ɗin Broadcom, umarnin xdslctl info --stats yana fito da yawancin waɗannan a shafi guda.

Kada yawan FEC ya tayar maka da hankali. Miliyoyin FEC tare da CRC kusan sifili na nufin kariya na aikinta. CRC da ES su ne abin dubawa.

Mataki na biyu: gano irin hayaniyar

A nan aka fi yin kuskure, domin ba kowace matsala memori ke magancewa ba.

Idan rarar sigina na sauka a hankali da yamma, ta dawo da safe, kurakurai kuma na ƙaruwa daidai da saukarta, hayaniya ce mai ɗorewa: kutsen sigina daga wayoyin da ke kebul ɗaya, ko rediyo. Ƙara zurfin saƙa ba zai yi mata komai ba. Maganinta rage gudu ko ƙara rara.

Idan raunin sigina da kansa ke hawa da sauka, musamman bayan ruwan sama ko idan iska ta kaɗa waya, mahaɗa ce ta yi tsatsa ko ta saki. A je a gyara ta. Haka ma reshen waya da aka bari a sake cikin gida, ko wayar tarho da ba a sa mata matata ba. Ɓoye irin wannan lalacewa da saƙa mai zurfi ɓata lokaci ne, domin mahaɗar za ta ci gaba da lalacewa.

Inda memori ke da ta cewa shi ne idan rara tana nan daram a dB 6 ko fiye amma CRC na zuwa a guguwa. Wannan tartsatsi ne, kuma iri biyu ne manya. Akwai REIN, mai maimaita kansa da bugun wutar lantarki, sau 100 a sakan inda wuta ke kan 50 Hz, sau 120 inda take kan 60 Hz. Yawanci caja ko adafta mai lalacewa ce, ko makunnin rage hasken fitila. Gajere ne, sau da yawa bai wuce alama ɗaya ba, amma yana dawowa kowane milisakan 10, wato bayan kowace alama 40. Sai SHINE, bugu ɗaya mai tsawo da ke zuwa ba zato, kamar lokacin da babban inji ya tashi ko aka yi walƙiya.

Idan na'urarka na da INM, mai lura da tartsatsi, kunna shi. Yana rarraba bugu gida 17 bisa tsawonsa, daga alama ɗaya zuwa 16, na ƙarshe kuma duk abin da ya wuce haka, sannan yana rarraba tazarar da ke tsakanin bugu gida 8. Daga nan za ka zaɓi INP da ya rufe mafi yawan bugun da aka gani, ba mafi tsawonsu ba.

Mataki na uku: lissafa memorin da kariyar ke bukata

Ɗauki layin 17a mai gudun megabit 40 a saukowa, ana son INP na 2. Alama biyu sun ɗauki bayit 2,500. Kowane dami na iya jure asarar bayit 8, saboda haka zurfin da ake bukata shi ne 2,500 a raba da 8, wato 312.5, a ɗaga zuwa 313. Ƙa'ida ta ce D da I kada su haɗa wata lamba da ke raba su duka in ba ɗaya ba. 313 da 255 sun cika sharaɗin. Jimillar bayit ita ce 312 sau 254, wato 79,248. Layin na tura bayit 5,000 a kowane milisakan, jinkirin ke nan ya kusa milisakan 16.

Yanzu hanyar hawa, a megabit 10, ita ma INP na 2. Zurfi 79, jimilla 78 sau 254, wato 19,812. Haɗa su: 99,060. Iyakar 17a kuma 98,304. An haura da bayit 756 kacal, amma an haura, dole wani ɓangare ya sassauta.

Hanyar sassautawa ita ce gajarta dami. Idan aka mayar da N zuwa 128 a saukowa, R na nan a 16, zurfi na nan a 313, jimilla ta zama 312 sau 127, wato 39,624, jinkiri ya koma milisakan 8. Kuɗin da aka biya shi ne gudu: da bayit na gyara na cin kashi 6.3 cikin ɗari na layi, yanzu suna cin 12.5.

Daga wannan lissafi akwai abin da ya kamata ya zauna maka a kai. Jinkiri a milisakan kusan INP ne sau N, a raba da ninki biyu na R, kuma gudun layi bai shiga cikinsa ba. Memori kuwa yana ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa da gudu. Kariyar da ta shiga memori a megabit 40 ba za ta shiga a 60 ba: can zurfi zai zama 469, jimilla 468 sau 254, wato 118,872, fiye da duk abin da furofayil ɗin ya tanada. Abin mamakin ke nan ga wanda bai saba ba: ranar da layi ya fi kyau ita ce ranar da memori ke gazawa.

REIN na da wani tarko nasa. Dami guda yana shimfiɗe ne a tsawon lokacin da ya kusa jinkirin saƙa. Idan jinkiri milisakan 16 ne, bugu kuma na dawowa kowane milisakan 10, dami ɗaya zai sha bugu biyu, kariyar da aka lissafa ta rabu biyu. Ga REIN, riƙe jinkiri ƙasa da tazarar bugun, kamar milisakan 8, ko ka ninka INP. Mafi alheri dai a nemo cajar a cire ta. Ƙaramin rediyo mai batir da aka ajiye a matsakaicin zango inda babu tasha zai yi ta ƙara idan aka matso kusa da ita.

Mataki na huɗu: raba memori tsakanin saukowa da hawa

A VDSL2 akwai saiti mai suna MDOSPLIT a furofayil na DSLAM, wanda ke faɗin kashi nawa cikin ɗari na jimillar memori zai tafi saukowa, daga 5 zuwa 95, ragowar kuma na hawa ne. Idan na'urar ba ta fito da shi ba, ita ke yin rabon da kanta bisa sauran saitunan da ka ba ta.

Kada ka raba bisa gudun da layi yake kai yau. Raba bisa gudu mafi girma da za ka bari kowace hanya ta kai, da kuma INP da kowace ke bukata. A misalinmu, idan aka ba saukowa kashi 85 ya zama bayit 83,558, hawa ta samu 14,746. A megabit 40 saukowa na da cikakken dami na 255. Idan ta hau 60, N zai sauko zuwa 179, gyara ya ci kashi 8.9. Hawa kuma za ta yi aiki da N na 190, gyara ya ci kashi 8.4. Babu ɓangaren da aka takura ƙwarai.

Duba kuma inda tartsatsin yake. Wanda ke tasowa a cikin gida ya fi cutar da saukowa, domin a nan siginar ta iso da rauni bayan doguwar tafiya, ta hawa kuwa yanzu ta fito da ƙarfinta. Idan ƙidaya ta nuna hawa ba ta da CRC kwata-kwata, INP na 1 ko ma ƙasa da haka ya ishe ta, memorin ya koma inda ake bukatarsa. Sai dai kada a tsiyata ta gaba ɗaya: saƙonnin tabbatar da karɓa na TCP, tsarin isar da bayanai a intanet, ta nan suke bi, kuma idan suna ɓacewa saukowa ma tana tafiyar hawainiya, ga kiran bidiyo da ke dogara da ita.

Rabon yana kama aiki ne lokacin da layi ke haɗawa. Canza shi na nufin yanke layi na ɗan lokaci, saboda haka a yi shi cikin dare lokacin da ba a cika amfani ba.

Mataki na biyar: bar gudu ya bi layi ba tare da kariya ta zube ba

SRA ita ce dabarar da ke sauya gudu layi na kan aiki, ba tare da yankewa ba. Ana ba ta rarar da ake so, iyakar ƙara gudu da iyakar rage shi, da tsawon lokacin da rara za ta daɗe a wajen iyakar kafin a motsa. Wurin farawa mai kyau: rara dB 6, a hau idan ta wuce 9 na wasu mintuna, a sauka idan ta faɗi ƙasa da 4 na 'yan sakan. Sauka da sauri, hawa a hankali. Idan iyakokin biyu suka matsu da juna layi zai yi ta lilo.

Ga abin da ke faruwa idan gudu ya motsa zurfi na tsaye a 313. Layi ya sauka zuwa megabit 25: INP ya hau zuwa 3.2, amma jinkiri ya zama milisakan 25, mai yiwuwa ya wuce iyakar da ka sa. Layi ya hau zuwa 60: jinkiri ya ragu zuwa kusan 11, amma INP ya faɗi zuwa 1.3, ƙasa da 2 da aka nema. Tunda modem ba zai karya sharaɗin da aka gindaya masa ba, sai ya tsaya a inda sharaɗin ya ƙare. Alamar wannan ita ce rara ta kai dB 11 ko 12, gudun da ake iya kaiwa ya yi nisa sama, amma layi ya ƙi hawa.

VDSL2 ta tanadi sauya zurfin saƙa tare da SRA, layi na kan aiki. Idan na'urorin biyu na goyon bayansa, kunna shi, ka sa iyakar yadda jinkiri zai iya motsawa a sauyi guda ta zama ƙarama, kamar milisakan ɗaya, don kada murya da bidiyo su ji girgizar. Amma zurfi ba zai wuce kason memorin da aka ba hanyar tun lokacin haɗawa ba. Dalilin da ya sa mataki na huɗu ya zo kafin wannan ke nan. Sa iyakar gudu ta sama a daidai inda lissafinka ya nuna memori na ɗaukar INP ɗin, rarar da ta yi saura ta zama garkuwa.

Mataki na shida: koma sake aikawa idan na'urori sun yarda

Ƙa'idar G.998.4 ta 2010, da aka fi sani da G.inp, ta sauya yadda ake cin memori. Ana aika bayanai a ƙunshi da ake kira DTU, mai aikawa ya riƙe kwafi har sai ɗaya ɓangaren ya tabbatar ya iso lafiya. Wanda ya lalace kaɗai ake maimaitawa. Memorin da ake bukata kusan gudu ne sau lokacin zuwa da dawowar tabbaci. A ce wannan lokaci milisakan 4 ne: a megabit 60, bayit 7,500 sau 4, wato 30,000. Bugu mai tsawo ba ya ƙara wannan adadi, sai dai a yi ta maimaitawa har ya wuce ko wa'adin jinkiri ya cika. Kwatanta da saƙa: INP na 16 cikin milisakan 16 na bukatar dami na bayit 32, rabinsa gyara, rabin layi ya tafi ke nan ko da tartsatsi bai zo ba.

Zaɓi yanayin da ke fifita sake aikawa, ba wanda ke tilasta ta ba, domin na tilas zai hana tsohon modem haɗawa sam. Sa jinkiri mafi girma ya ɗauki tsawon bugun da kake son jurewa haɗe da aƙalla zuwa da dawowa ɗaya. Ga bugun alama 16, wato milisakan 4, kada ya gaza milisakan 8, kuma ƙari a kai ba ya cutarwa tunda sai an samu bugu ake shiga shi. Bar jinkiri mafi ƙanƙanta a sifili in ba akwai dalili ba, domin tsare bayanan da suka iso lafiya shi ma wuri yake ci. Kariyar SHINE na kaiwa alama 63, ta REIN 7. Kada ka kunna ta REIN sai ka gan shi a ƙidaya, domin kowace alama ɗaya cikin 40 da aka ware masa kashi 2.5 ne na gudu, kuma ka tabbata ka zaɓi 100 ko 120 daidai da wutar wurin. A ADSL2+ sake aikawa na hanyar saukowa ne kawai.

Bayan ka kunna, ƙidayar da za ka sa wa ido ta sauya: rtx-tx, yawan maimaitawa, rtx-c, waɗanda maimaitawa ta ceto, rtx-uc, waɗanda wa'adi ya cika ba su iso ba. Na ƙarshen shi ne asara ta gaskiya. Duba kuma mafi ƙarancin gudu marar kuskure da aka gani a minti 15. Layi na iya nuna CRC sifili alhali maimaitawa ta cinye kaso mai yawa na gudunsa.

Mataki na bakwai: sauyi ɗaya, sai jira

Sauya abu guda a lokaci guda, ka jira aƙalla awa 24 da ta haɗa da maraice. Ƙara kariya da zarar ES ya wuce abin da sabis ɗin zai jure; talabijin ta intanet ba ta jure abin da buɗe shafuka ke jurewa. Rage ta kuwa sai bayan kwanaki da yawa na tsabta, mataki ɗaya, daga 4 zuwa 2, ba daga 4 zuwa sifili ba. Kada ka lissafa yankewar da ta zo daga kashe modem ko ɗaukewar wuta a matsayin laifin layi, in ba haka ba za ka ɗora wa lafiyayyen layi jinkirin da bai kamace shi ba. Milisakan 16 a kowace hanya ƙarin 32 ne a kan kowace tambaya da amsa, kuma masu wasa ta intanet da masu kiran murya suna jin sa nan take.

Idan bayan sauyi layi ya ƙi haɗawa gaba ɗaya, DSLAM na cewa saitin ba zai yiwu ba, koma kan lissafin jinkiri. INP na 8 da iyakar milisakan 4 na bukatar dami na bayit 16, alhali mafi gajarta da VDSL2 ta yarda da shi 32 ne. Haka ma idan gudu mafi ƙanƙanta da ka gindaya ya fi abin da zai rage bayan gyara ya ci kasonsa. Sassauta ɗaya daga cikin ukun, jinkiri ko INP ko gudu mafi ƙanƙanta, ka sake haɗa layin, sannan ka karanta D da N da na'urar ta zaɓa ka gwada su da naka lissafin.